Wai "Gajeriyar Rashin Lafiya" Ce Ke Kashe Mazanmu

Jama'a, ku lura da sanarwar rasuwa da ke yawo a Facebook da WhatsApp a 'yan shekarun nan. Hoton mutum cikin shadda da hula, bai wuce shekara 45 ko 50 ba, a ƙasa an rubuta: "Allah Ya yi wa wane rasuwa bayan gajeriyar rashin lafiya, ya bar mata biyu da 'ya'ya tara." Sai mu yi layi a ƙasa, Allah Ya jiƙansa, Allah Ya sa ya huta. In ka tambaya, sai a ce ai lafiyarsa ƙalau, jiya ma tare muka yi Isha'i, da safe ya yanke jiki ya faɗi a banɗaki.

Ni dai na gaji da wannan jimlar. A wajen da yawa daga cikin waɗannan bayin Allah rashin lafiyar ba gajeriya ba ce. Shekaru mutum ya yi yana jinya a tsaye, yana zuwa ofis, yana zuwa kasuwa, yana ɗaurin aure da suna, kowa ya gaishe shi ya ce "lafiya lau". Faɗuwar ce ta zo gajeriya. Ciwon ya daɗe, mu ne muka haɗu muka hana shi faɗa.

Rubutun zai ɗan yi tsawo, ku yi mini afuwa. Kuma tun yanzu in faɗa: na san akwai wanda yatsansa ya riga ya fara rubuta "ajali ne, malam". Ƙwarai, ajali ne. Babu Musulmin da ke jayayya da wannan. Amma wanda ya faɗa rijiya ma ajali ne, bai hana mu rufe bakin rijiya ba. Sayyidina Umar da ya ji annoba ta ɓarke a Sham juyawa ya yi da tawagarsa, kuma babu wanda ya isa ya ce masa bai yi imani da ƙaddara ba. To a bar mu mu yi maganar sababi.

Mu fara daga gida. Yaro namiji ɗan shekara huɗu ya faɗi ya fasa gwiwa, abin da zai fara ji shi ne "kai, share hawayenka, namiji ba ya kuka". Ya girma, a ce masa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ya yi aure, a ce maigida ba ya nuna gazawa a gaban iyali. Ya manyanta, a ce babba juji ne. Tun daga zanin goyo har likkafani, darasi ɗaya muke koya masa: haɗiye. Shi kuwa jiki ba ya jin karin magana. Abin da ka haɗiye yana nan, yana aikinsa.

Likitoci sun yi bayanin yadda abin yake. Idan mutum ya shiga firgici ko damuwa, jiki na sakin wasu sinadarai da ke sa zuciya ta ƙara bugu, jini ya hau, sukari ya ƙaru a cikin jini. An halicci wannan ne don ɗan lokaci, ka tsere wa haɗari, sannan komai ya koma daidai. To ina ga wanda haɗarinsa ba ya wucewa? Mai gidan haya na ƙofa, makaranta ta koro yara, mahaifiya na kwance, mai shago ya rufe littafin bashi. Injin da ba a kashewa dare da rana, ai ka san ƙarshensa. Barci ya ƙaurace, hawan jini ya zauna, wata rana a ce ɓarin jiki ya shanye ko zuciya ta buga. Kiyasi ya nuna kusan mutum ɗaya cikin uku na manyan Najeriya na da hawan jini, kuma da yawa ba su ma sani ba. Mazan da ke karanta wannan rubutu, ku faɗa mini tsakani da Allah, yaushe rabonku da awon jini?

Sannan ciwon damuwa a wajen namiji ba kasafai yake zuwa da kuka ba. Da faɗa yake zuwa. Mutumin da aka sani da fara'a ya koma masifaffe, ƙaramin abu ya hau yara da tsawa. Ya daina zuwa majalisa. Abincin da yake so ya fita ransa. Ya farka ƙarfe biyu na dare ya kasa komawa, yana ta lissafin da ba ya fita. Kullum ciwon kai, ciwon baya, zafin ƙirji. Ya je kemis a ce taifot da maleriya ne, a ɗaura masa ruwa, bayan wata guda a sake cewa taifot ne. Harkar iyali ta yi rauni, ya ruga wajen mai maganin basir da sanyi, ya sha jiƙe-jiƙen da babu wanda ya san abin da ke ciki. An yi wa kowace gaɓa magani, ban da inda ciwon yake. A wajen likitoci, idan ƙuncin rai da rashin jin daɗin komai suka ɗauki mutum mako biyu ko fiye, kusan kullum, har suka taɓa barcinsa da cinsa da aikinsa, wannan ciwo ne mai suna, kuma yana da magani.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, na kusa shekara ashirin ina aiki, don haka bari in yi maganar inda na sani. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka cire tallafin mai. Litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Sai a Yulin 2024 aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, a lokacin da buhun shinkafa ɗaya ya fi wannan kuɗin. Ka ɗauki ma'aikaci mai mataki na 10 ko na 12, mai digiri, mai mata da yara shida. Kafin albashi ya shigo, banki ya cire bashinsa, adashi na jira, mai shago na jira. Ranar goma ga wata aljihu ya bushe. Kuma a ƙauyensu shi ne "ɗanmu na birni". Kuɗin taki shi ne, ƙanwa za ta yi aure shi ne, an kwantar da kawu a asibiti shi ne. Ba zai iya cewa babu ba, don ba za a yarda ba, za a ce ya samu duniya ya manta zumunci.

A ofisoshinmu ina ganin waɗanda suka jingine mota suka koma hawa adaidaita, suna cewa wai tana wajen bakanike. Ina ganin wanda ke zaune a kan fayil ɗaya tun safe har azahar, bai buɗe shafi na biyu ba. Ina ganin dattijon da saura masa shekara biyu ya cika 35 a aiki, bai da ko fili, kuma ya ga yadda waɗanda suka riga shi ajiye aiki ke jelen fansho da garatuti. In ka ce "Oga, lafiya kuwa?" sai ya yi murmushi ya ce "Alhamdulillah, sai godiya." Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Bahaushe. Mu kuwa mun ga fuskar, mun karɓi amsar baki, mun wuce.

Wannan fa na masu albashi ne. Ina ga manomin Zamfara ko Katsina ko gabashin Sakkwato da ya sayar da gona da shanu ya biya kuɗin fansa, aka dawo masa da iyali, kuma ba ya iya haɗa ido da su saboda yana ganin ya gaza kare su? Ina ga magidancin Borno da ke da rumbu cike da hatsi, ya koma bin layin abinci a sansanin gudun hijira? Ina ga ɗan kasuwar Maiduguri da ambaliyar madatsar Alau ta Satumbar 2024 ta cinye jarinsa a dare ɗaya? Ina ga soja da ɗan sanda da ɗan sa-kai da suka ga abin da ido bai kamata ya gani ba, suka dawo gida aka ce su ci gaba da rayuwa kamar ba a yi komai ba? Wa ya taɓa zaunar da waɗannan ya tambaye su yadda suke kwana?

To yanzu bari in zo kan waɗanda nake da rigima da su.

Na farko, masu cewa damuwa rashin tawakkali ce. Da mutum ya buɗe baki ya ce "wallahi ba na iya barci, raina a ƙuntace yake", sai a rufe shi da wa'azi: imaninka ne ya yi rauni, ka yawaita istigfari. Istigfari alheri ne, babu mai musu. Amma malam, wa ya ba ka ma'aunin imanin mutane? Annabi Yaƙub, Alaihis Salam, baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya kai har ganinsa ya tafi. Shi ma rashin tawakkali ne? Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, a gaban sahabbansa. Shekarar da ya rasa Nana Khadija da Abu Ɗalib, malaman tarihi shekarar baƙin ciki suke kiranta. Ya koya wa al'ummarsa addu'ar neman tsari daga damuwa da baƙin ciki da nauyin bashi. Fiyayyen maza ya yi kuka, kai kuma kana ce wa ɗanka namiji ba ya kuka. Wannan taurin kai ne na al'ada, kada a jingina shi ga addini.

Kuma masu ganin zancen lafiyar ƙwaƙwalwa na Turawa ne, su koma tarihi. Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a shekarar 934, ya rubuta littafi a kan kula da lafiyar jiki da ta rai, ya rarrabe baƙin cikin da ke da sanannen dalili da wanda ke sauko wa mutum haka kawai, ya ce na biyun na buƙatar magani irin na jiki. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa. Mai ciwon sukari yana addu'a yana shan maganinsa, ba mu ce masa komai. Me ya sa sai mai ciwon damuwa ne za a ce ya zaɓi ɗaya?

Na biyu, masu mayar da komai aljanu da sammu. Mutum ya yi wata shida ana masa hayaƙi, ana karɓar kuɗinsa, ciwo na ƙara nisa. In abin ya ƙi, a kai shi gidan mari a sa masa sarƙa. Mun manta abin da 'yan sanda suka gano a Rigasa ta Kaduna a Satumbar 2019? Ɗaruruwan maza da yara a kulle, wasu da mari a ƙafa, jikinsu duk tabon duka. Makonni kaɗan bayan haka aka sake gano irinsa a Daura. Iyaye da 'yan'uwa ne fa suka kai su da hannunsu, suna biya, saboda a ganinsu gara sarƙa da a ji an kai ɗansu asibitin ƙwaƙwalwa.

Wannan ya kawo ni kan na uku, wato mu duka, da bakinmu. Mun mayar da sunan Dawanau zagi. "Kai, wannan sai Dawanau." A Kaduna a ce Barnawa, a Sakkwato a ce Kware. Wuraren da aka gina don a warkar da mutane, mun mayar da su abin tsokana. Kalma ɗaya muke da ita, hauka, mun zuba kowa a ciki: mai rashin barci, mai firgita, mai ƙuncin rai, da wanda ke tsince-tsince a bola. To wane magidanci ne zai yarda a gan shi a ƙofar asibitin, alhali ya san gobe za a fasa auren 'yarsa a ce akwai taɓin hankali a gidan? Wane ma'aikaci ne zai kawo takardar hutu daga can, ya san daga ranar an gama ba shi wani aiki mai muhimmanci?

Da muka toshe ƙofar asibiti, sai wata ƙofar ta buɗe. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 na ta'ammali da ƙwaya a Najeriya, kuma uku cikin huɗu maza ne. A shekarar ce aka hana maganin tari mai kodin bayan rahoton BBC. Muna kallon mai shan taramol mu ce ɗan iska. Wasu iskancin ne, ban musa ba. Amma da yawa magani suke wa kansu, ɗan adaidaita da ke son ya yi awa goma sha huɗu a kan titi, lebura da ke son jikinsa ya daina ciwo, matashi mai digiri da ke son kansa ya yi shiru ya samu barci.

Sai kuma abin da ba ma son ambata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 700,000 ne ke kashe kansu duk shekara, kuma maza sun ninka mata fiye da sau biyu. Muna cewa wannan ba ya faruwa a cikinmu. Yana faruwa, rufa-rufa muke yi. Haramcinsa a addini ba abin tattaunawa ba ne, kuma saboda girman haramcin ne ya wajaba mu tari mutum tun kafin ya isa bakin ramin. Amma dubi dokarmu: sashe na 231 na kundin Penal Code da ake aiki da shi a Arewa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙuri ya tsira. Mutumin da ke buƙatar likita, sai a kai shi gaban alƙali. Ghana ta soke irin wannan doka a 2023.

Gwamnati kuwa, nata laifin ya fi na kowa. Dokar mahaukata ta 1958, ta zamanin Turawan mulki, ita muka riƙe har zuwa Janairun 2023, lokacin da marigayi Shugaba Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Dokar ta yi kyau a takarda, ta tanadi haƙƙin marasa lafiya da sashe na musamman a ma'aikatar lafiya da asusun kuɗi. Amma je asibitin sha-ka-tafi na garinku ka tambaya ko sun san da ita. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, likitocin ƙwaƙwalwarta ba su kai 300 ba, su ma kullum ficewa suke zuwa Ingila da Saudiyya da Kanada. A Abuja aka yi alƙawari a 2001 cewa za a ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi, har yau gwamnatin tarayya ba ta kusanci wannan ba.

Kada a ce babu yadda za a yi. A nan ƙasar, Farfesa Thomas Lambo ya fara wani tsari a Aro ta Abeokuta a 1954, inda marasa lafiya ke zama a ƙauyuka tare da danginsu ana yi musu magani, har duniya ta zo koyo. A Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibiti su saurari masu damuwa, bincike ya tabbatar abin yana aiki. Benci fa! Mu da ke da majalisa a kowane lungu, da teburin mai shayi, da masallaci sau biyar a rana. Babu al'ummar da maza ke zama tare kamar tamu. Sai dai awa uku za a yi ana musun Arsenal da Barcelona, ana rabon kujerun 2027, babu wanda zai iya cewa "jama'a, ni fa abubuwa sun yi mini yawa", don ya san kafin gobe labarin ya zaga unguwa.

Mu ma maza sai mun faɗa wa kanmu gaskiya. Wani kayan mu muke ɗora wa kanmu. Albashi bai riƙe gida ɗaya ba, ka je ka ƙaro aure don abokai su ce ka isa. Ka ci bashi ka yi lefen gasa. Ka ɓoye wa matarka ainihin abin da kake samu, sannan ka ji haushi ta tambayi abin da ba ka da shi. Kuma damuwa ba lasisin zalunci ba ce. Wanda oga ya ci wa mutunci a ofis ya zo ya huce a kan matarsa da mari, azzalumi ne, ko me ke damunsa. Mata ma suna ɗauke da nasu dutsen, wasu ma wanda mu muka aza musu. Wannan rubutu ba gasar wa ya fi shan wahala ba ce. Gida ɗaya muke ciki, in ginshiƙi ya rube a ɓoye, a kan kowa rufin zai faɗo.

Ga abin da nake nema, kuma babu mai wuya a ciki. Limamanmu su ware huɗuba a kan wannan, su faɗa wa mutane ƙarara cewa ganin likitan ƙwaƙwalwa ba raunin imani ba ne. Mai ruƙiyya na gaskiya ya san iyakarsa, ya tura mutum asibiti. Gwamnonin Arewa su horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su iya gane ciwon damuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin wannan horo tun 2008. 'Yan majalisa su cire ɗaurin nan daga doka. Ƙungiyoyin ƙwadago su sa awon jini da duba lafiyar ma'aikata cikin abin da suke fafutuka a kai, ba ƙarin albashi kaɗai ba. Iyaye mata da iyayen gida, in kun ga mutum ya sauya, ku tambaye shi a lokacin da ya dace, da murya mai sanyi.

Kai kuma ɗan'uwana da ke karanta wannan ƙarfe biyu na dare saboda barci ya ƙi zuwa, je ka auna jininka a satin nan. In ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, kada ka tsaya a kemis, ga likita. Ka samu mutum ɗaya mai riƙon amana ka faɗa masa abin da ke cinka. In ƙuncin ya wuce mako biyu, ka je babban asibiti ka faɗa wa likita yadda kake ji, ba ciwon kai kaɗai ba. Maganin yakan ɗauki 'yan makonni kafin a ji aikinsa, kada ka yar da shi a kwana uku. In kuwa har zuciyarka ta fara raya maka cewa gara ba ka duniyar, wannan ciwon ne ke magana, kada ka kwana da shi kai kaɗai, ka tashi wani a daren nan. 'Ya'yanka sun fi buƙatar uba mai shan magani a kan hoton uba a bango.

Wanda kuma yake lafiya, akwai abokin da ya ɗauke ƙafa daga majalisa wata biyu ke nan. Kada ka tura masa saƙo. Taka ka je. In ya ce lafiya lau, zauna, ka sake tambaya.

Allah Ya yaye wa kowa abin da ke damunsa, Ya biya wa masu bashi, Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Wanda ya ga kuskure ya gyara mini a ƙasa, amma don Allah ban da zagi.